Gidan Rediyon Ɗanjuma a Zauren Larai

A Makera, bayan masaƙa, babu wanda bai san Gwaggo Larai mai hatsi ba. Mijinta Malam Garba, ma'aikacin reluwe, ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki biyar da rumfa a kasuwar Kakuri, ita kuwa ta riƙe su gam. In ta tsaya ciniki, dillalan gero sai su riƙa kallon juna, don sun san yau sai dai a koma gida da gajiya. Ko allura za ta saya sai an rage mata.

A shekarar da sojoji suka matsa wa mutane da bin layi da sharar gari ne rasuwar Malam Garba ta cika shekara. Larai ta sa ranar addu'a, Lahadi, saura kwana tara. Damuwarta ɗaya ce. Yayan marigayin, Baba Tagwai, fataucin shanu yake yi a ƙasar Kontagora, ba shi da akwatin gidan waya, ba shi da wurin zama ɗaya. Abin da ba ya rabuwa da shi kawai rediyonsa, kullum a rataye a kafaɗa. Ranar sadakar arba'in ya ce mata a gaban dangi, "In shekara ta zagayo ki sa a rediyo, zan ji." Tun lokacin kuwa ƙanwarsu Hajara, da ke aure a Unguwar Sanusi, take yawo da magana wai Larai ta kulle gida, ba ta son ganin kowa na Garba. In aka yi addu'ar nan babu Baba Tagwai, to maganar Hajara ta zauna ke nan, kuma Larai gara ta haɗiyi garwashi da ta ga wannan rana.

Ta ci ado, ta hau bas, ta haye gada zuwa gidan rediyo, ta bi layi kamar kowa. Akawu ya rubuta sanarwar, ya faɗi kuɗi.

"Rage," in ji Larai.

"Hajiya, ga shi can a rubuce a bango."

"Bangon ne zai karɓa ko kai? Mamacin nan shekara ashirin da shida yana wa gwamnati bauta a kan dogo."

"Allah ya jiƙansa. Nan ba a ragi."

"To cire sunan unguwa, kowa ya san gidana. Cire ‘da fatan Allah ya ba da ikon zuwa’, ai dama shi ke bayarwa. Yanzu fa?"

"Ko kalma uku ce, kuɗin ɗaya ne." Ya ɗaga kai ya leƙa bayanta. "Na baya."

Wannan "na baya" ita ta ƙona wa Larai rai. Ta fizge mayafinta ta fito, ta ce ƙafarta ba za ta sake taka wurin ba.

To, a ɗakin zauren gidanta akwai wani ɗan haya, Ɗanjuma. Mutum ne mai shekara arba'in da ɗan tumbi, kullum da biro uku da sukuddireba a aljihun gaba, ko da kuwa bayan gida za shi. Ya taɓa yin wata bakwai a gidan rediyo yana shara da kai shayi, amma in yana magana sai ka ji "mu injiniyoyi". Da ya ga Larai ta shigo tana huci, ya tambaya, ta zazzage masa labari. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Gwaggo, kina da rediyo a zaurenki kika tafi neman na wasu? Kin taɓa kunna akwatin rediyo da sassafe kafin a buɗe tasha?"

"Garba kan yi."

"Me kike ji?"

"Wani fito mai shiga haƙori, ƙiii, kamar an taka wutsiyar ɓera."

"To sirrin ke nan gaba ɗaya. Dogayen ƙarafan nan da kike hangowa ado ne, don a tsorata talaka. Fiton shi ne mabuɗi. Da kunnena na ji babban injiniya yana cewa sau dubu yake kaɗawa a sakan ɗaya. Da ya tashi, duk akwatin rediyon da ke Arewa sai ya wage baki, abin da ka faɗa bayansa ya zuba ciki kamar kunu a kwano. Ki ba ni kwana uku, Baba Tagwai zai ji ki ko yana ƙarƙashin saniya."

Larai ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da take wa buhun da take zargin an cusa masa ƙaiƙayi.

"Me za ka ci?"

"Buhun gero ɗaya, don zumunci."

"Tuwo sau biyu a rana har Lahadi."

"Da nama."

"Da kuka."

"Gwaggo, injiniya fa."

"Da kuka, da man shanu ranar da na ji muryata a akwati."

A haka aka shirya.

Kusa da rumfarta a kasuwa akwai Istifanus mai gyaran rediyo, mutumin Kagoro, marar yawan magana, kullum ƙarfen narka dalma a hannu. Washegari Larai ta tsaya a bakin shagonsa da Ɗanjuma a bayanta, ta gaya masa za ta buɗe tasha a gida. Istifanus ya ajiye abin da yake yi.

"Mama, fiton nan na gwaji ne. Da shi suke auna na'urorinsu kafin su fara, shi ke nan aikinsa."

"Ji mai gyaran akwati," in ji Ɗanjuma. "Kai ƙarshen magana kake gani, ni daga inda ake zuba ta na fito. Ka taɓa shiga ɗakin watsa labarai?"

"Kai ka taɓa shiga ba tsintsiya a hannunka?"

"Hassada ce, Gwaggo. In kowa ya san sirrin, wa zai kawo masa gyara?"

"Mama, ki koma ki biya su kawai, kwanaki na tafiya."

Da Istifanus ya tsaya a kan maganar fito, da wataƙila Larai ta saurare shi. Amma ya ce ta koma ta biya. Ta juya masa baya ta ce wa Ɗanjuma ya fara aiki.

Kwana biyu Ɗanjuma yana tara kaya. Ya aro lasifika da makirfo wurin wani mai tallan maganin tsutsar ciki wanda kekensa ya karye. Ya roƙi tsohon batir wurin Sunday, direban bas mai jigila tsakanin Kakuri da Gonin Gora. Ya haɗa gora uku ya ɗaure da roba, ya kwance wayar shanyar Larai ya naɗa a jiki, ya kife murfin babbar tukunyarta a can ƙololuwa, ya ce eriya ce. Wajen kafa ta ya hau rufin madafi, ƙafarsa ta burma kwano har gwiwa, tana reto daidai saman tukunyar miya.

Larai ta ɗaga kai ta dubi ƙafar. "Wannan ramin ma na fiton ne?"

"Dama ana buƙatarsa, Gwaggo. Ta nan iska za ta riƙa shiga."

Ranar Litinin da hantsi aka yi gwajin farko. Ɗanjuma ya zaro usur irin na alƙalin ƙwallo, ya kara shi a makirfo, ya cika kumatu ya busa har sau uku.

Abin da ya manta shi ne, a wannan zamani in aka ji usur a unguwa, duba-gari ne suka iso da sojoji a bayansu. Kafin ya sauke numfashi Makera ta hautsine. Mata suka fito da tsintsiya, wasu da kumfa a hannu. Masu tebur a bakin titi suka kwashi kaya suka shige lungu. Mai unguwa da kansa aka gani daga shi sai singileti, ya tattare wando yana kwasar kwata da shebur. Aka share layin nan tas, aka tsaya a jere ana jiran hukuma. Hukuma ba ta zo ba, sai Ɗanjuma da ya leƙo daga zaure yana tambaya ko wani ya kama shi a rediyo.

Zagin da ya sha ranar, da na ci ne da ya ƙoshi har Sallah. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Usur ɗin ne bai cika ba, Gwaggo. Ɗari tara da hamsin yake bayarwa. Saura hamsin."

"Da me ka ƙirga?"

"Da kunne. Ai aikinmu ne."

"Saura kwana shida," in ji Larai. "Wannan ni na ƙirga, kuma da yatsu."

Ranar Talata, wajen sha biyu da rabi, Ɗanjuma yana jujjuya kayansa, sai ya kawo makirfo dab da bakin lasifika. Abin ya kurma wani irin ihu, siriri, dogo, mai huda ƙwaƙwalwa. Kajin Larai suka tsallake katanga. Karnukan layin baya suka ɗauki kuka. Larai ta saki ludayi ta toshe kunnuwa. Ɗanjuma kuwa ya tsaya ƙiƙam, ido ya kawo ruwa, ya ƙi janye hannunsa.

"Dubu cif," ya ce. "Ba ƙari, ba ragi."

Sai dai ihun nan bai bar jiniyar masaƙa da komai ba, wadda ake busa wa masu shiga aikin ƙarfe biyu. Kuma duk wanda ya makara, a bakin ƙofa ake barinsa. Nan take ma'aikata suka ɓarko daga gidaje. Shekari, maƙwabcin Larai, ya wuce da gudu, sabulu a ka, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Mata masu sayar da abinci a ƙofar masaƙa suka sauke shinkafa da sauran tsaurinta suka bi baya da tukwane a ka. Suka isa, suka tarar da ƙofa a rufe da mai gadi yana gyangyaɗi. Ya duba agogo, ya dube su, ya tambaya ko gobara ake yi.

Da suka dawo, zauren Larai suka nufa. Shekari ne a gaba, sabulun ya bushe masa a gira.

"Wa ya busa jiniya?"

"Ba jiniya ba ce, fiton buɗe tasha ne," in ji Ɗanjuma. "Kafin ka taɓa ni, Shekari, je ka kunna rediyonka. Dukanku ku je. In ba ku ji ni ba, ku dawo ku yi yadda kuka ga dama."

Suka watse suna ƙunƙuni. Ɗanjuma ya gyara wuyan riga, ya sake tayar da ihun, sannan ya sassauta murya irin ta masu karanta labarai. "Jama'ar Arewa, assalamu alaikum. Nan gidan rediyon Makera, Injiniya Ɗanjuma ke magana."

Can sai ga muryar Shekari ta bayan katanga. "Ina jin ka. A wace mita kake?"

"A wace ka sa?"

"Arba'in da tara."

"Murɗa gaba."

"Har yanzu ina jin ka."

"To ka gani. Su can mita ɗaya gwamnati ta ba su. Ni duka na kama."

Larai tana zaune a tsakar gida da akwatin marigayi a cinya. Ita ma ta ji shi, rangaɗau. Gaskiya ta lura kamar muryar ta saman rufi take saukowa, akwatin kuwa shuuu kawai yake yi. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna fuskar akawun nan da "na baya" ɗinsa. Ta rufe bakin, ta tashi ta zuba wa Ɗanjuma man shanu a miya.

Daga nan fa mutumin ya gagari kowa. Ranar Laraba ya hana daka a gidan, wai tabarya tana rage masa dubu. Ya hana jariran 'yan haya kuka. Ya ce muryar watsa labarai sai da ɗanyen ƙwai da zuma. Ya manna takarda a ƙofar zauren da Larai ta gina da guminta, aka karanta mata wai an rubuta ba a shiga sai da izini. Mutanen da jiya suke neman dukansa suka yi layi da gaisuwa: Shekari yana gai da uwarsa a Zonkwa, mai shayi yana gai da surukansa a Funtuwa, wata tana cigiyar mijinta da ya tafi Legas shekara uku. Ɗanjuma yana karantawa yana kaɗa ƙafa.

"Tawa fa?" in ji Larai.

"Taki babba ce, Gwaggo. Sai an yi bikin buɗewa, da bakinki za ki faɗa. Gobe bayan la'asar."

Wannan ya yi wa Larai daɗi. Ta aika har Unguwar Sanusi a ce wa Hajara ta zo ta ga yadda ake kiran dangi. Ta kuma tare Sunday direba ta ce gobe da la'asar, in yana Gonin Gora, ya kunna rediyon motarsa, ya zo ya ba da shaida a gaban mutane.

Alhamis aka jera benci a ƙofar gida. Mai unguwa ya zo, wannan karon da babbar riga, ya yanka wani ƙyallen atamfa da aka ɗaure a ƙofar zaure. Hajara ta zauna a gaba ta harɗe hannuwa, bakinta a taɓe. Ɗanjuma ya aro kwat, ya ƙara biro ɗaya a aljihu. Ya tayar da ihunsa, jama'a suka toshe kunne cikin ladabi, sannan ya miƙa wa Larai makirfo.

Larai ta gyara ɗauri. "Baba Tagwai, Larai ce matar ƙaninka Garba. Lahadin nan ne addu'a, da hantsi. Ka zo da duk wanda ya ga dama, abinci ba zai gaza ba. Masu cewa na rufe gida kuma, ga shi a gidan nawa ake kiranka, duniya tana ji."

Tana cikin haka sai ga Istifanus ya ratso taro da wani ƙaton akwatin rediyo a kafaɗa, ya manna kunne a jiki yana gyaɗa kai.

"Tana fita tas," ya ce. "Ko ƙura babu."

Ɗanjuma ya karɓe makirfo. "Jama'ar Arewa, ga mai gardama ya tuba. Matso, Istifanus, faɗa musu da bakinka. Ba na riƙe mutum a zuciya."

Istifanus ya matso, ya ɗora akwatin a kan benci a gaban mai unguwa, ya cire murfin baya. Babu batir, babu waya, babu komai a ciki sai ƙullin gyaɗa da tsohuwar jarida.

"Shekara biyu ke nan da na kwashe kayan cikinsa," ya ce. "Amma tashar Ɗanjuma tana fita a ciki tas."

Shekari ya dubi ƙaramin rediyon da ke hannunsa, ya kashe shi a hankali. Ɗanjuma ya yi gyaran murya, lasifika ta kai gyaran muryar har layi na uku, Shekari ya ji ta sarai.

"Wannan ai ƙarfin tasha ya nuna," in ji Ɗanjuma. "Akwati babu hanji ma ta shiga, ina ga mai hanji?"

Daidai nan bas ɗin Sunday ta tsaya. Larai ta yi wuf ta tare shi tun bai rufe ƙofa ba.

"Sunday, faɗa musu abin da ka ji a Gonin Gora."

Sunday ya sosa ƙeya. "Mama, na murɗa har yatsana ya yi zafi. Na kama Kano, na kama Kamaru, na kama wasu masu Larabci. Ke dai ban ji ki ba sai da na shawo kwanar gidan man nan. Lokacin ma na riga na kashe rediyon."

Wani ya fara dariya a baya, ta bazu kamar wutar kara. Larai ba ta yi ba. Ta juya wurin Istifanus.

"Yi mini bayani. Gajere."

"Mama, murya iska take kaɗawa. Mai kauri tana kaɗa ta a hankali, siririya da sauri, daga 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai a sakan. Shi ne abin da kunne ke ji. Fiton dubun nan ma sauti ne kamar kukan jaki, inda iska ta gaji nan yake faɗuwa. Lasifika tana ƙara masa ƙarfi ne kawai, daga nan zuwa gidan mai. Su gidan rediyo suna da wani abu daban, na lantarki, mai kaɗawa sau dubu ɗari-ɗari, kunne ba ya jin sa ko kaɗan. Shi ne mai tafiyar nisa. A kansa suke ɗora muryar kamar buhu a kan mota, akwatinki ya sauke buhun ya ba ki. Ɗanjuma yana da buhu, ba shi da mota."

"Ƙarya ne," in ji Ɗanjuma. "Gora ce ta yi kaɗan. Ku ba ni minti ɗaya."

Ya murɗa abin ƙara murya har ƙarshe, ya cusa makirfo cikin bakin lasifika, ya kama wayar eriya ya ja ta zuwa kan batir. Abin ya yi wata ƙara ta ƙarshe kamar ana yanka akuya, batir ya yi tartsatsi ya tuƙo hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ɗanjuma ya yi tsalle da baya, wayar tana naɗe a ƙafarsa. Gorar nan uku ta yi sujada a hankali daga kan rufi, ta raba taron gida biyu, murfin tukunya ya fice ya yi ta gangarawa a kan titi, ya je ya kwanta a gaban mai unguwa yana kaɗawa.

Mai unguwa ya tattara babbar rigarsa. "Saura ka gaya mana wannan sau nawa yake yi a sakan," ya ce, ya tafi.

Hajara ta miƙe tana kaɗe zani. "To Larai, sai mu ce wa Yaya an kira shi, iska ce ba ta kai ba. Da ma kin tambaya, ai duk Asabar yana kasuwar shanu ta bayan Kontagora. Amma mai tasha a gida ina ruwanta da tambaya."

"Kin sani kika yi shiru?"

"Kin tambaye ni?"

Larai ta juya mata baya. Istifanus ya ce a hankali, gobe Juma'a, in ta yi sammako gidan rediyo za su iya karɓa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta yana kan Ɗanjuma, wanda ke zaune a ƙasa yana kwance waya daga ƙafa yana gaya wa wanda bai tambaye shi ba cewa batirin Sunday ne na jabu.

"Istifanus, ka ce muryar sai an ɗora ta a mota?"

"Haka ne, Mama."

"Sunday, akwai motar shanun da ta sauke kaya za ta koma Kontagora?"

"Ba a rasawa, Mama. Sai dai a baya za a zauna, kuma ba a wanke ta."

"Madalla. Tashi, Injiniya."

"Gwaggo, ni fa ban san Baba Tagwai ba."

"Kana da baki. Kwana shida kana cin tuwona da shi."

"To a ba ni lasifikar."

"Ka ƙona ta. Mai ita ma yana nan tafe, gara ya tarar ba ka nan."

Wannan ita ta ɗaga Ɗanjuma. Kafin rana ta faɗi an ɗora shi a bayan motar shanu da kwat ɗin aro, yana tsaye a kan abin da shanun suka bari. Larai ta sa ya maimaita saƙon sau uku. Motar tana tashi aka ji yana gaya wa direba ta taga cewa aikin watsa labarai na waje aka tura shi.

Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, babu labari. Larai ta auna shinkafa, ta sa aka yanka rago. Lahadi da hantsi malamai suka zauna a kan tabarmi, Hajara tana ta leƙen hanya tana murmushi. Liman ya tambaya ko a fara. Larai ta ce a ɗan ƙara jira.

Sai ga wata mota ta tsaya a bakin layi. Wani dogon tsoho ya sauko da rediyo a kafaɗa, mutum shida na biye da shi. A can baya Ɗanjuma ne, janye da ɗan maraƙin da tsohon ya kawo na sadaka, kwat ɗin ta koma kalar ƙasa, ƙudaje na yi masa rakiya, mutane na darewa.

Baba Tagwai ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwa. Sannan ya nuna Ɗanjuma da haɓa.

"Larai, wannan wane irin rediyo ne kika aiko mini? Tun safe yake zagaya kasuwa yana kwala sunana, har shanu suka tsinke igiya. Sau biyu aka kama shi a kan mahaukaci ne." Ya juya ya dubi dangi ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Hajara. "Ni dai tunda nake, ba a taɓa tayar da mutum takanas ya yi wannan tafiya don a kira ni addu'a ba. Wanda ya ce matar Garba ba ta son mu, ya zo ya faɗa a gabana."

Hajara ta sunkuyar da kai tana gyara bakin tabarmar da ba ta karkace ba.

Ɗanjuma ya matso tsakiya ya ɗaga hannu zai yi jawabi. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai wata 'yar iska, don muryar ta ƙare a kasuwar shanu. Ya sake gwadawa, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna Baba Tagwai, yana neman wanda zai fassara.

"Me yake cewa?" in ji liman.

"Ba komai, Malam," in ji Larai. "An rufe tasha. A fara addu'a."